Yadda Ake Sabunta Kwaltar Farfajiyar Wurin Kasuwanci Idan Ta Tsufa

Duk wanda yake da filaza, ko otal, ko asibitin kuɗi, ko zauren taron biki a garuruwa irin su Kano da Kaduna da Sakkwato, ya san cewa ranar da aka shimfiɗa kwalta a farfajiyar ajiye motoci ba ita ce ranar ƙarshe ta kashe kuɗi a kanta ba. Kwaltar da muke takawa cakuɗe ce ta tsakuwa da garin dutse da ɗanyen kwalta, wanda bai wuce kashi 5 zuwa 6 cikin 100 na nauyin cakuɗen ba, amma shi ne yake riƙe komai. Rana da iska suna busar da shi sannu a hankali, sai baƙin ya koma ruwan toka, laushin ya koma tauri, tsakuwa ta fara ɓarewa a ƙarƙashin taya, daga nan kuma tsaga ta biyo baya. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin gari yake haura digiri 40, fuskar kwalta takan kai digiri 60 da tsakar rana, don haka tsufanta a ƙasarmu ya fi sauri.

Abin da na fi so mai wuri ya riƙe tun kafin ya kira ɗan kwangila shi ne, sabuwar kwalta ba ta da wani ƙarfi nata na kanta, ƙarfin abin da ke ƙarƙashinta take ara. Idan ƙasan yana da lafiya, shimfiɗa mai kaurin santimita 4 za ta yi shekara 10 ko fiye. Idan kuwa ƙasan ya ruɓe, ko an zuba ninkin wannan, damina ɗaya ko biyu ta ishe shi ya dawo yadda yake.

Duba cutar kafin sayen magani

Lokacin da ya fi dacewa a duba farfajiya shi ne washegarin ruwan sama mai ƙarfi, musamman a watan Agusta. A fita da fenti ko alli, a zagaya da ƙafa, a kewaye duk inda ruwa ya kwanta bai tafi ba, domin da rani waɗannan wurare ba sa nuna kansu. Sannan a tsaya a kalli irin tsagar da ke wurin, saboda kowace tsaga da labarin da take bayarwa.

Akwai tsaga doguwa guda ɗaya da take bin layin da aka haɗa shimfiɗa biyu tun farko, akwai kuma wadda take raba fili gida-gida kamar manyan murabba'ai. Waɗannan alamun tsufan fuskar kwalta ne kawai, kuma sabuwar shimfiɗa tana maganinsu idan an gyara su tukuna. Wadda ta fi tayar da hankali ita ce tsagar da ta yi ƙanana a haɗe kamar fatar kada, mafi yawa a kan layin da tayoyi suke bi ko a bakin ƙofar shiga. Wannan tana nufin dutsen da ke ƙasa ko ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta sha ruwa ta yi laushi, kwaltar tana lanƙwasa duk lokacin da mota ta hau har ta gaji ta karye. Ramukan da muke gani daga baya 'ya'yan wannan tsagar ne. Haka kuma idan aka ɗora miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 3 a gicciye kan hanyar tayoyi aka ga ƙasa ta lotsa har yatsa yana shiga ƙarƙashinsa, sai a bincika ko kwaltar ce ta tura gefe saboda zafi da nauyi, ko kuwa ƙasan ne ya zauna.

Gwaji mafi sauƙi da na sani, wanda kuma ba ya cin kuɗi mai yawa, shi ne a ɗauki hayar tifa cike da yashi, direba ya tuƙa ta a hankali kamar tafiyar ƙafa, mutum biyu suna biye da tayoyin baya suna kallon ƙasa. Inda yake da lafiya ba ya motsi ko kaɗan. Inda ya lalace za a ga kwaltar ta nutsa ƙarƙashin taya ta sake ɗagowa kamar katifa, wani lokaci har ruwan laka ya ɓullo ta cikin tsaga. Duk inda aka ga haka a yi masa alama, domin wurin haƙa ne. Bayan wannan a haƙa ƙananan ramuka uku ko huɗu a sassa daban-daban don a ga kaurin tsohuwar kwaltar da abin da aka zuba a ƙarƙashinta, ko dakakken dutse ne, ko marmara, ko kuwa ƙasar wurin ce kawai aka baje. A wasu yankunan Borno da Adamawa da Gombe akwai baƙar ƙasa mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, kuma a irin wannan ƙasa bai kamata a yanke shawara ba sai injiniya ya gwada ta.

Ƙa'idar da injiniyoyi da yawa suke bi ita ce, idan wurin da ƙasansa ya lalace ya kai kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na filin, faci ya daina zama tattali, gara a kwashe komai a sake gini daga tushe. Idan bai kai haka ba, zaɓi biyu ne: a ɗora sabuwar shimfiɗa a kan tsohuwar bayan gyara, ko a kankare saman tsohuwar da inji sannan a mayar da sabuwa a gurbinta. Abin da yake raba gardama tsakanin biyun shi ne tsawo. Ƙarin santimita 4 yana iya haura dokin ƙofar shaguna, ya binne murfin sokawe, ya hana ƙofar get buɗewa, ko ya juya ruwan sama ya nufi cikin gini. Inda haka za ta faru, kankarewa ta zama dole, ko da a gefe-gefe ne kawai inda kwalta take haɗuwa da kwata da baranda.

Ruwa

A nan ne ya kamata a fi daɗewa ana tunani, domin ban taɓa ganin farfajiyar da ta mutu da wuri ba face akwai ruwa a cikin labarinta. Fili yana bukatar gangare na kusan kashi 2 cikin 100, wato saukar santimita 2 a kowace mita, ta yadda filin da faɗinsa ya kai mita 20 zai sauka da santimita 40 daga tudu zuwa bakin kwata. Ido ba ya iya auna wannan, sai an kawo safiyo da na'urarsa ya buga turaku ya rubuta tsawon kowane wuri. Amma kawo safiyon shi ne abin da aka fi yawan tsallakewa.

Ruwan sama kuma ba shi kaɗai ba ne. A filazojinmu akwai ruwan alwala da yake gangarowa daga gefen masallaci sau biyar a yini, akwai tankin rijiyar burtsatse da yake ambaliya idan an manta ba a kashe famfo ba, akwai ɗigon na'urorin sanyaya ɗaki, da indararon rufi mai zuba a wuri ɗaya, da masu wankin mota a kusurwa. Kwalta tana jure ruwan da ya zo ya wuce, amma wanda yake jiƙa ta kullum yana raba ɗanyen kwalta da tsakuwa har ta wargaje. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan a yi masa bututu ko ƙaramar magudana ta kankare zuwa babbar kwata kafin a taɓa batun shimfiɗa. A kwashe yashi da leda daga kwatocin, a duba kwalbatin bakin ƙofa ko ya toshe. Idan akwai darbejiya kusa da filin wadda saiwoyinta suka ɗaga kwalta, a yanke saiwar da ta shigo a gina mata shinge na kankare a cikin ƙasa, ba sai an sare itacen ba, domin inuwarsa tana da amfani ga motoci da masu su.

Gyaran tsohuwar kwalta

Wuraren da aka yi wa alamar haƙa ana yanka su da injin yankan kwalta, a fitar da su murabba'i mai miƙaƙƙen baki, a kuma wuce iyakar lalacewar da kamar santimita 30 ta kowane gefe don a tsaya a kan lafiyayyen wuri. A kwashe duk ƙasar da ta yi laushi har sai an kai ga mai ƙarfi. Mayarwa kuma hawa-hawa ake yi, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa masa ruwa daidai gwargwado a daɓe shi da inji kafin a zuba na gaba. Iyayenmu mata da suke daɓen ɗaki sun san cewa ƙasar da ta bushe ƙarau ba ta daɓuwa, wadda ta jiƙe sharkaf ma haka, kuma wannan hikimar ce dai take aiki a nan. Idan dutsen ƙasa ya kammala, ana fesa masa ruwan kwalta mai shiga jiki, irin wanda aka sani da MC-1 a ayyukan hanya na Najeriya, kusan lita 1 a kowace murabba'in mita, a bar shi aƙalla yini guda ya tsotse kafin a cike gurbin da kwalta mai zafi har ta yi daidai da tsohuwar.

Tsagogin da faɗinsu ya kai milimita 6 zuwa sama a hure su da iska mai ƙarfi, a cire ciyawa da ƙasa, a cika su da narkakkiyar kwalta. Tsagar da aka rufe ba tare da an cika ta ba takan hauro ta bayyana a sabuwar shimfiɗa a daidai inda take. Wuraren da suka lotsa a cike su da siririyar shimfiɗar daidaitawa tun yanzu, domin idan aka bar wa shimfiɗar ƙarshe ta cike kwari da tudu lokaci guda, inda ya fi kauri zai fi zama bayan daɓe, kwarin ya dawo.

Akwai kuma tabon mai. Man dizal da fetur da baƙin mai 'yan gida ɗaya ne da ɗanyen kwalta, saboda haka suna narkar da shi. A je wurin da tanka take sauke dizal na janareta a soka ƙusa, za a ji kwaltar ta yi laushi kamar ƙullu. Irin wannan wuri yankewa ake yi. Shawarata ita ce, gefen janareta, da inda motar kwasar shara take tsayawa, da inda tireloli suke sauke kaya, duk a yi musu kankare mai rodi maimakon kwalta, haka ma gaban famfunan gidan mai.

Lissafin kaya da zaɓen ɗan kwangila

A ayyukan hanya na Najeriya an saba da shimfiɗar sama mai kaurin milimita 40 da ta ƙasa mai milimita 60, ana dafa su da ɗanyen kwalta mai lamba 60/70, wato lambar da take nuna taurinsa. Farfajiyar da ƙananan motoci kaɗai suke shiga, milimita 40 a kan tsohuwar kwalta mai lafiya ta wadatar. Hanyar da manyan motoci suke bi zuwa sito tana bukatar hawa biyun. Wajibi ne a rubuta a takardar yarjejeniya cewa kaurin da ake nufi shi ne na bayan daɓe, domin kwalta tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin biyar idan rola ta hau ta, wato wanda yake son milimita 40 sai ya shimfiɗa kusan 50.

Lissafin yana da sauƙi, kuma shi ne babban makamin mai wuri. Kwaltar da aka daɓe tana da nauyin kusan tan 2.4 a kowace kubik mita, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi. Filin da ya kai murabba'in mita 2,000, idan za a yi masa milimita 40, zai ci tan 192, a ƙara ɗan abin da zai zube a ce tan 200. Kowace tifa tana fitowa daga masana'antar dafa kwalta da takardar sikeli. A sa amintaccen mutum ya karɓi takardun nan ɗaya bayan ɗaya ya tara. Idan aka tashi aiki jimillar ta tsaya a tan 120, to abin da ke ƙasa milimita 25 ne, ko da me aka rubuta a takarda.

Na ga irin wannan da idona a wata filaza a Kano. An yi aikin cikin hunturu, an gama a kwana biyu, baƙi wuluk gwanin sha'awa, mai wurin yana ta murna da arahar da ya samu. Ba a share ƙura sosai ba, ba a fesa komai tsakanin tsohuwa da sabuwa ba, kaurin kuma bai kai faɗin yatsu biyu ba. Da ruwan Agusta ya sauka, sai shimfiɗar ta fara ɗagowa falle-falle a bakin get inda motoci suke juyawa, har wani mai gadi ya sa hannu ya ɓamɓaro wani yanki ya nuna mini kamar ƙanzo daga gindin tukunya, ƙasansa fari fat da ƙura. Gyaran ya koma na gangar Auzinawa, domin sai da aka biya kuɗin kwashe sabuwar kafin a fara aikin da ya kamata a yi tun farko.

Don haka a nemi farashi daga 'yan kwangila aƙalla uku a kan takardar aiki iri ɗaya, wadda ta fayyace faɗin fili, da yawan wurin haƙa, da kauri, da irin injinan da za a kawo. A je a ga aikin da kowannensu ya yi wanda ya ga damina biyu ko uku. A ɗauki injiniya mai rajista da COREN, hukumar da take kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda zai tsaya wa mai wuri, ba wanda ɗan kwangila ya zo da shi ba. Mafi yawan ɗanyen kwaltar da ake aiki da shi a Najeriya daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin canjin dala, shi ya sa yana da kyau a rubuta tsawon kwanakin da farashin da aka bayar zai tsaya.

Ranar shimfiɗa

Lokacin rani ne lokacin wannan aiki, daga ƙarshen Oktoba zuwa kafin faɗuwar damina, kuma ba a shimfiɗa kwalta a kan jiƙaƙƙen wuri ko kaɗan. A sanar da 'yan haya tun da makonni biyu, a raba filin gida biyu don kasuwa ta ci gaba a ɓangare ɗaya, a kuma guje wa makonnin cinikin Sallah.

Da safe a share filin tas, a bi shi da injin hura iska. Cikin hunturu ƙura tana sake sauka cikin 'yan sa'o'i, don haka sharar jiya ba ta isa ba. Sannan a fesa ruwan kwaltar mannewa siriri, tsakanin kwatan lita zuwa rabin lita a kowace murabba'in mita, ya rufe ko'ina daidai, har da bakin kwata da gefen facin da aka yi. Idan irin wanda aka dama da ruwa ne, yana fita da launin ƙasa-ƙasa, sai a jira ya koma baƙi kafin a ɗora komai, alamar ruwan cikinsa ya fita ke nan. Yawansa ma illa ne, domin idan ya taru ya yi tafki sabuwar shimfiɗar za ta riƙa zamewa a kansa.

Kwalta takan bar masana'anta da zafin digiri 150 zuwa 165, kuma ana so ta iso a rufe da tamfol, a shimfiɗa ta tana sama da 135. A tanadi ma'aunin zafi mai dogon tsinke a soka a kowace tifa. Ido ma yana taimakawa: wadda take fitar da shuɗin hayaƙi ta ƙone, wadda ta yi gudaji ta ƙi bajewa ta huce, wadda tsakuwarta take nuna fari ba ta ji kwalta ba, kuma duk ukun mayar da su ake yi. A kula da wata al'ada da ta zama ruwan dare, ta shafa dizal a cikin bodin tifa da kan shebur da manjagara don kada kwalta ta manne. Dizal ɗin nan yana shiga cakuɗen ya raunana shi; ruwan sabulu yana yin wannan aikin ba tare da ɓarna ba. Leburori kuma a ba su takalma masu kaurin ƙasa da safar hannu da ruwan sha wadatacce, domin ƙunar kwalta mai zafi tana manne wa fata.

Injin shimfiɗa ne ya kamata ya yi babban filin, aikin hannu a bar shi ga lunguna da kusurwoyi. Rola mai ƙafar ƙarfe tana biye da injin kusa-kusa, tana tafiya a hankali, tana farawa daga gefen gangare zuwa tudu, sannan mai tayoyin roba ta biyo ta matse, ta ƙarfe ta dawo ta goge sawu. Duk wannan dole a kammala shi kafin zafin ya sauka ƙasa da digiri 80 zuwa 90, domin bayan nan ko an yini ana birgima a kai ba ta ƙara daɓuwa, sai dai tsakuwa ta farfashe. Siririyar shimfiɗa tana hucewa da sauri a safiyar hunturu mai iska, shi ya sa ya fi kyau a jira hantsi. Kada rola ta tsaya cik a kan kwalta mai zafi. Mahaɗar layi biyu ita ce wuri mafi rauni a duk filin, don haka a shimfiɗa na biyun tun na farkon bai huce ba idan zai yiwu, idan kuma ya kwana, a yanke bakinsa a miƙe a shafa masa ruwan mannewa.

Bayan an gama

A hana motoci shiga har yini guda, manyan motoci kuma su ƙara kwana biyu ko uku. A watannin farko, juya sitiyari alhali mota tana tsaye yana barin tabo a lokacin zafi, haka ma jak da ƙafar babur, sai a sanar da masu gadi su riƙa lura. Wurin ajiye mota ɗaya yakan kasance mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo, da hanyar mita 6 tsakanin layuka. A ware wurare masu faɗin mita 3.6 kusa da ƙofar shiga don masu bukata ta musamman, kamar yadda dokar hana nuna wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tanadi a keɓe musu gurabe a wuraren ajiye motoci na jama'a.

Kafin a biya kuɗin ƙarshe, injiniya ya huda shimfiɗar a wurare kaɗan da shi ya zaɓa, ya ciro gunduwa a auna kaurinta da daɓuwarta, a kuma kawo tankar ruwa a kwarara a filin a ga inda yake nufa. A riƙe kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na kuɗin kwangilar, a rubuta cewa ba za a sake shi ba sai bayan watanni 12, ta yadda aikin zai ratsa damina guda cikakkiya. Idan Oktoba ta zo, mai wuri da injiniya da ɗan kwangila su sake zagaya filin da ƙafa, da alli a hannu, duk inda ruwa ya kwanta ko mahaɗa ta buɗe ɗan kwangila ya gyara da kuɗinsa, sannan a sa hannu a ba shi ragowar haƙƙinsa.